Kwamfuta Ɗaya, Allo Uku: Inda Hoto Ke Ɓacewa a Gidajen Kallon Zakka da Batsari

Masu shirya gasar Firimiyar Ingila sun saba jera wasanni da dama a lokaci guda ranar Asabar, wajen ƙarfe 3 ko 4 na yamma agogon Najeriya, gwargwadon lokacin shekara. Wannan tsari nasu shi ke hana mai gidan kallo a Zakka ko Runka ko Batsari zama da talabijin ɗaya. Ɗan Arsenal ba zai biya kuɗinsa ya zauna kallon Chelsea ba, ɗan Manchester United kuwa gara ya koma majalisa ya ji sakamako a rediyo. Dole allo ya zama biyu ko uku. A da kowace talabijin da dikodarta, kowace dikoda da kuɗin watanta. Yanzu laftof ta shigo cikin lissafi, kuma ba a gidan kallo kaɗai ba. Malamin sakandare yana son ya haska darasi da majigi yana duba nasa allon. Kwamitin masallaci yana son mata su riƙa ganin malam daga ɓangarensu lokacin tafsirin azumi. Mai ɗaukar hoton biki yana son talabijin a ƙofar gida da wata a tsakar gida.

Duk waɗannan mutane abu ɗaya ke tayar masu da hankali: an haɗa komai, an kunna, allon ya yi shuɗi ko baƙi, rubutun “No Signal” yana yawo a kansa, jama'a kuma sun zuba ido.

A Kano mutum zai tari adaidaita ya nufi Farm Centre ko titin Beirut, kafin la'asar ya dawo da sabuwar wayar haɗi. A ƙaramar hukumar Safana ba haka abin yake ba. Mai gyaran da ya san aikin sai an je Dutsin-Ma ko Katsina, kuma duk wanda ya san garuruwan da ke gefen dajin Rugu ya san ba kowane lokaci ake hawa hanya don wayar talabijin ba. Wanda ya yi kuskuren gane inda cutar take ya yi asarar kuɗin mota da yini guda, wani lokaci har da abin da ke cikin kwamfutar. Domin hukuncin da aka fi yankewa a shagunan gyara shi ne a yi mata fomatin. A ganina wannan ɗabi'a ta fi kowace lalatacciyar waya ɓarna. Ana goge takardun makaranta da hotunan bikin mutane, a karɓi kuɗin aiki, mai kaya ya koma gida ya tarar allon yana nan yadda ya bar shi, saboda tun farko ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sallama kafin hoto

Wayar HDMI, wadda ta fito a ƙarshen 2002, tana da ƴan allurai 19 a bakinta, kuma ba dukansu ne ke ɗaukar hoto da sauti ba. Ɗaya wuta ce ƴar kaɗan, bolt 5, da kwamfuta ke tura wa allo. Ɗaya kuma ita allon ke amfani da ita ya sanar cewa an jona shi. Wasu biyu su ne hanyar da allon ke karanto wa kwamfuta bayanin kansa: sunansa, girman hoton da yake iya ɗauka, sau nawa yake sabunta shi a daƙiƙa, ko yana da lasifika. Masana suna kiran wannan bayani EDID. Kwamfuta tamkar baƙo ce a bakin zaure: zai yi sallama, in ba a amsa ba ba zai shiga ba, ko da kuwa mai gida yana ciki lafiya lau. Kwamfutar da ba ta ji amsa ba ba ta aika hoto, ita a wurinta babu allo.

Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa jerin kunna kaya yake da tasiri. A fara kunna talabijin ko majigi, a bar shi ya gama tashi, sannan akwatin rarraba hoto in akwai, kwamfuta a ƙarshe. In an yi akasin haka aka ga shiru, sau da yawa zare waya a ƙirga goma a mayar ya isa, domin sabuwar sallama ce. Kafin wannan ma akwai abin da mutane ke jin kunyar dubawa saboda sauƙinsa. Talabijin mai kafa biyu ko uku tana sauraron ɗaya ce kawai a lokaci guda. An cusa waya a HDMI 2, rimot yana kan HDMI 1 ko AV, yaro ya taɓa maɓallin da safe ba wanda ya lura.

Ɓangaren kwamfuta kuma, a Windows, a danne maɓallin mai tambarin taga tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito. Na farko allon laftof kaɗai, na ƙarshe allon waje kaɗai. Na tsakiyan biyu su ne ke rikita mutane. Duplicate yana nuna abu ɗaya a ko'ina. Extend yana mai da talabijin ƙarin fili, sai ka ja abin da kake so da linzami ka kai shi can. Malamin da ya ga majigi yana haska hoton bangon kwamfuta wayam, babu darasin da ya buɗe, babu abin da ya lalace masa. Yana kan Extend ne, darasin na nan a allonsa yana jiran a ja shi gefe.

A nan ne kuma ake cin kuɗin masu gidan kallo. Mutum zai je kasuwa ya ce yana son ya haɗa laftof da talabijin uku, mai shago ya miƙo masa sifilita. Sifilita aikinta ɗaya ne: ta karɓi hoto guda ta kwafe shi zuwa allo biyu ko huɗu ko takwas. Ga masallaci ko wurin walima ita ce daidai, tunda abu ɗaya ake son kowa ya gani. Amma ba za ta taɓa nuna Arsenal a dama da Chelsea a hagu ba, domin kwamfutar allo ɗaya take gani a bayanta. Akwai kuma wani akwatin da ya yi kama da ita sak, suwic, wanda aikinsa kishiya ne: na'urori da yawa suna shiga, allo ɗaya ke fita. Wanda aka sayar wa suwic a madadin sifilita zai kwana yana sauya wayoyi. A duba jikin akwatin kafin a biya: kafar shiga ɗaya da na fita da yawa, ko kuwa akasin haka.

Mai son wasa daban-daban a allo daban-daban sai kowane allo ya sami tasa kafar daga jikin kwamfuta. Nan ma da iyaka. Tsofaffin laftof masu injin hoton Intel na kafin 2012 allo biyu kawai suke iya tuƙawa a lokaci guda, kuma nasu na jiki yana cikin lissafi. Daga zubi na uku na Core i3 da i5 da i7 ne aka fara samun uku, shi ma da sharuɗɗa. Saboda haka in ka jona VGA da HDMI tare a tsohuwar laftof ɗaya ya ƙi kawowa, kashe allon laftof ɗin a saitin, sai na wajen biyu su tashi.

Ko sifilitar da aka saya daidai tana da nata halin. Gidan kallo ba ya sayen talabijin rana ɗaya. Wata sabuwa ce mai 1920 da 1080, wata ƴar inci 32 ce mai 1366 da 768, ga kuma tsohon majigi mai 1024 da 768. Sifilita bayanin allo ɗaya take kai wa kwamfuta, galibi wanda ke kafa ta farko. In babbar ce a can, kwamfuta za ta aiko hoton da ya fi ƙarfin ƙaramar, ita kuma ta yi baƙi ko ta rubuta cewa ba ta iya ɗauka. Sai a ce talabijin ta mutu. A mayar da mafi rauni kafa ta ɗaya, ko a shiga saitin allo a sauke hoton zuwa 1280 da 720, wanda kusan kowace talabijin mai HDMI ke karɓa. Ɗan kallo da ke benci na shida ba zai ga bambanci ba.

Kafar da ta yi kama da HDMI

Yawancin laftof da ke hannun mutane a wannan yanki na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, suka biyo ta Legas zuwa Kano. Kayan ofis kuwa ba don talabijin aka ƙera su ba. HP EliteBook 840 na farko-farko, wadda ta cika kasuwa, ba ta da HDMI sam. Abin da ke gefenta DisplayPort ne, tsarin da ƙungiyar VESA ta fitar a 2006. Da ido sun yi kama, sai dai HDMI kusurwa biyu aka daddatse mata, DisplayPort kusurwa ɗaya. Akwai masu dannawa da ƙarfi har su lanƙwasa abin da ke ciki. Ƴar adafta ce maganin, daga DisplayPort zuwa HDMI. Wasu ThinkPad kuma ƙaramar DisplayPort gare su, tana buƙatar tata adaftar daban.

Kwanbata kuwa, wato akwatin juya hoto tsakanin HDMI da VGA, hanya ɗaya take bi. VGA, shuɗiyar kafar nan mai rami 15 da kamfanin IBM ya kawo a 1987, tana aika hoto ne a matsayin igiyar lantarki mai hawa da sauka, HDMI kuma lambobi take aikawa. Akwatin da ke juya HDMI zuwa VGA ba ya juya VGA zuwa HDMI, ko da bakunan sun shiga daram. Malamin da ke da sabuwar laftof da tsohon majigi na farkon yake buƙata. Mai tsohuwar kwamfuta da sabuwar talabijin na biyun zai nema, wanda ke zuwa da wayar USB ta wuta da ƴar wayar sauti, domin VGA ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Sababbin laftof masu ƙaramar kafar USB-C su ma ba duka ke fitar da hoto ba. Wasu caji da fayil kawai suke yi, ko wace adafta aka sa masu.

Akwai wata matsalar da ke kama da sihiri: komai na kwamfuta yana fita a talabijin, amma da an buɗe fim ko wasa daga manhajar da ake biya, sai wurin hoton ya yi baƙi, murya na tafiya. Wannan kariyar hana kwafi ce, HDCP, wadda kamfanin Intel ya ƙirƙiro. Kowace na'ura da ke kan layin sai ta amsa mata. Tsohon majigi ko kwanbata mai araha da bai san ta ba shi ke rufe ƙofar.

Sai ita wayar kanta, wadda aka fi raina ta alhali ta fi kowa laifi. Gidan kallo rumfar kwano ce ko zana, waya tana bin ƙarƙashin rufi inda zafin bazara ke gasa ta, ɓera na gwada haƙori, ƙurar hunturu na cika bakinta. Kowace irin waya da yadda take kuka. HDMI in ta gaji sai ka ga fararen ɗigo suna ƙyalƙyali a hoton, ko ya ɗauke daƙiƙa biyu ya dawo. VGA kuwa launi take zubarwa, tunda ja da kore da shuɗi kowanne da allurarsa. Hoto ya koma rawaya, allurar shuɗi ce ta lanƙwashe ko ta karye. Ya koma shunayya, kore ne ya tafi. Mai haƙuri zai iya miƙe allurar da ɗan tsinke, a hankali. In hoton yana da inuwa a gefen rubutu, wayar ta yi tsawo ko siririya ce.

Tsawo shi ne abin da kwamitocin masallaci suka fi tuntuɓe da shi. HDMI ta gama-gari tana aiki lafiya a mita 3 ko 5. Daga mita 10 zuwa 15 sai mai kyau, abin da ya wuce haka kuwa caca ce. Sashen mata kuma yakan fi haka nisa. Haɗa gajeru uku da mahaɗi ƙara wuraren lalacewa ne kawai. Abin da ya dace shi ne ƴan akwatuna biyu, mai aikawa da mai karɓa, da wayar intanet ta Cat6 a tsakaninsu, wadda ke kai hoto mita 50 ba gargada, ga ta da sauƙin samu. Gwajin waya kuwa ba ya buƙatar ko sisi: a sauko da talabijin kusa da kwamfuta, a haɗa su kai tsaye da gajeriyar waya da aka san tana aiki. In hoto ya fito, an wanke kwamfuta da talabijin gaba ɗaya. Daga nan a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda ke kashe hoton. Masu gaggawa sukan sauya abu uku a tare, in ya gyaru ba su san me ya gyara shi ba, gobe ya dawo.

Wuta da sabis

Littattafan da ke zuwa cikin kwalin talabijin sun ɗauka wutar gidanka bolt 230 ce tsayayya, kuma akwai atin, wato wayar ƙasa, a kowane soket. A ƙauyukan Safana da Batsari wutar gidan kallo daga janareta take ko batirin sola. Dokar tsaro da gwamnan Katsina na wancan lokaci Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta hana sayar da fetur a jarka, abin da ya taɓa duk mai ƙaramin inji. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙarasa sauran: litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wanda ya sami hali ya koma sola, kuma sola ta zo da nata salon ɗauke hoto.

Alamar wuta ita ce lokaci. Hoton da ke lafiya a zagayen farko ya fara ƙiftawa bayan hutun rabin lokaci, batir ne ke sauka. Wanda ke ɗaukewa duk sa'ar da firjin lemo ya tashi, nauyi ne ya yi wa inbata ko inji yawa. Abin da ke fara faɗuwa ba talabijin ba ce, ƴar cajar bolt 5 ta sifilita ce. Da ta yi rauni sai akwatin ya mutu ya farfaɗo, a sake sallama daga farko, allo uku su yi baƙi tare. Sauya wannan caja da mai ƙarfi ya fi sauya sifilita araha. A kuma yi lissafin kaya: talabijin LED mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, cajar laftof 45 zuwa 65, amma majigi mai ƙwan fitila yana shan 200 zuwa 300 shi kaɗai.

Rashin atin ya fi haɗari. Wanda ya taɓa bakin HDMI ya ji ɗan shokin, ko ya ga tartsatsi lokacin cusa ta, to jikin na'urorin biyu ba a kan ƙarfin wuta ɗaya suke ba. An fi ganin haka in talabijin tana kan janareta, laftof tana kan inbata. Wannan tartsatsin shi ke ƙona kafar HDMI, kuma kafar da ta ƙone ba ta dawowa da fomatin. A ɗora duk kayan da waya ta haɗa a kan wuta ɗaya, a kashe su kafin a cusa ko a zare. In layuka suna hawa a hoton VGA ko lasifika tana gurnani, a zare cajar laftof a bar ta kan batir. Suka ɓace, cajar ce ko atin. Da damina kuma, hadari na tasowa a zare wayar dish daga dikoda, domin tsawa kan bi ta nan ta wuce ta HDMI ta cinye talabijin da ke layin.

Akwai kuma abin da ba waya ba ne, ba wuta ba. A Satumban 2021 an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Safana da Batsari na ciki, aka shafe watanni a haka. Mai dish ya ci gaba da nuna ƙwallo, mai dogaro da data ya rufe. Ko yanzu da sabis ya dawo, ya kamata a iya raba laifinsa da na haɗi. In hoto ya daskare, ƴar da'ira na juyawa a tsakiya, a talabijin da allon laftof baki ɗaya, data ce. Matsalar haɗi allon waje kaɗai take kamawa. Wasa biyu a lokaci guda kuwa data ninki biyu suke ja. Sannan kallon intanet yana bayan na tauraron ɗan'adam da daƙiƙoƙi masu yawa, shi ya sa za ka ji gidan kallon da ke bayan layi ya kaure da ihun ci, naka ɗan wasan bai ma karɓi ƙwallon ba. Wannan babu wayar da ke gyara shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Murya ta maƙale a laftof bayan hoto ya tafi talabijin: a danna alamar lasifika a zaɓi sunan talabijin, ko a bar ta a kafar iyafis in amfilifaya ake ba. Gefen hoto ya yanke har ba a ganin ci nawa ne: a saitin girman hoto na talabijin ake gyarawa, ba a kwamfuta ba. Ƙwallo tana tafiya da ɗan tsalle-tsalle: wasannin Turai a kan 50 ake watsa su, laftof ɗin da ta zo daga waje tana kan 60, sai a gwada mayar da allon kan 50 in yana karɓa.

Wani lokaci dai kwamfutar ce da gaske. Bayan an sake mata Windows, in ba a sa direban hoto na Intel ko AMD ko Nvidia ba, takan ƙi ganin allo na biyu ko ta hana Extend. Wato fomatin ɗin da aka yi don gyara yana iya zama shi ya kawo cutar. In direban yana nan ya sume ne kawai, danne maɓallin taga da Ctrl da Shift da B tare yana tayar da shi, allon zai ƙifta a ji ƴar ƙara. Sai an gwada laftof ɗin da gajeriyar waya mai kyau a talabijin biyu daban ta ƙi, sannan a zargi kafarta. Ko a nan ba a rasa mafita ba, tunda yawancin waɗannan tsofaffin kayan ofis kafa biyu gare su, in ɗaya ta ƙone VGA na nan.

In tafiya Dutsin-Ma ko Katsina ta zama dole, a ɗauki hoton bayan kowace talabijin da gefen majigi a waya, a rubuta lambar samfurinsu, a auna nisan da ke tsakani da igiya ko taku. A tafi da laftof ɗin da cajarta. Kwanbata ko sifilitar da za a saya a sa mai shago ya jona ta a gabanka, da laftof ɗinka ba tasa ba, a bar hoton ya yi minti biyar yana tafiya da murya kafin a ƙirga kuɗi.